Alamar Kajri a Ƙofa Sittin da Ɗaya

Ranar da Kajri ta kai takardarta ta takarar majalisar dokokin jiha, rabin mutanen Sohanganj sun fito bakin titi, kuma ba don ƙauna ba. Mu mutanen garin nan in ka ga mun bar shago mun tsaya a rana, to abin dariya muka hango. Masu a-daidaita-sahu suka yi ta danna ham, mata suka leƙo ta saman bene, wani mai shayi ya ɗaga murya yana tambaya in ta ci zaɓe wane banɗakin majalisa za ta riƙa shiga, na maza ko na mata. Aka kwashe da dariya har da masu dukan cinya. Kajri ba ta waiwaya ba, amma ta riƙe fuskar mai shayin nan a ranta.

Shekarunta ashirin da shida, 'yar gidan kinnar ce, wato mutanen nan da ba a lissafa su cikin maza ko cikin mata, a katin zaɓenta kuma jinsi na uku aka rubuta. A gidansu kowa "ke" ake ce mata, Kajri ba ta taɓa musu a kan wannan ba, amma in ka tambaye ta za ta ce maka ita ba mace ba ce, ba kuma namiji ba, kuma ba ta ga abin da ya rage mata ba. 'Yan gidansu sari suke ɗaurawa da awarwaro har gwiwar hannu, ita kuwa doguwar riga da wando, gashi a datse iya kunne, ga digirin da ta yi ta hanyar wasiƙa tana karatu a kan ganga. Sana'ar gidan kowa ya san ta: inda aka haihu ko aka ɗaura aure su je da ganga da tafi, su yi rawa, su sa wa jariri albarka, a ba su abin da aka ba su. Muna tsoron bakinsu, muna neman albarkarsu, amma ban taɓa ganin wanda ya jawo musu kujera ba.

Kujerar nan ce ma ta jawo takarar. Wata 'yar gidansu mai suna Resham ta cika a barandar wani asibiti, ɗakin maza na cewa ba tasu ba ce, ɗakin mata na cewa ba tasu ba ce. Kajri ta yi sawu bakwai ofishin ɗan majalisa mai ci, Thakur Bhupat Singh, tana roƙon a ware musu gado ko da huɗu ne. Duk zuwan nan a tsaye take yini. A na bakwai yaron siyasarsa, Gajju Chaubey, ya ce ta ɗan taka musu rawa tukuna, sai ya shigar da ita. Daga nan ta dawo gida ta durƙusa gaban uwar ɗakinta, Guru Gulbadan, ta ce za ta tsaya zaɓe.

Guru ta daɗe tana taunar ganyen paan ɗinta kafin ta tofar. Ta ce, "Ki tsaya mana. In sandar lantarki kike son hawa ma ki hau, a sa hotonki a jarida mu ma a san da mu. Abu ɗaya ne, ƙafarki kar ta ƙetare layin dogo."

"Guru, kashi biyu cikin uku na ƙuri'un a can suke."

"To su zauna a can. Shekara talatin da ɗaya ban sha ruwan hayin ba, kin ga na mutu?"

Layin dogon ya raba garin biyu, haka ya raba gidajen kinnar biyu. Wannan ɓangaren na Guru Gulbadan ne, ƙetaren kuma na Hajiya Nasiban. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce an fasa kawuna a kan wani gidan biki, manyan kinnar na garuruwa uku suka zauna suka ce dogo ne iyaka, duk wadda ta ƙetare da ganga ta ja wa gidansu. Tun daga ranar ba a sake ba. Gwamnati kuwa da ta zo yanka mazaɓa ba ta tambayi kowa ba, ta haɗa ɓangarorin biyu a kujera ɗaya.

Kajri ba ta da taurin kan da zai hana ta bin hanya. Ta sayi kwalin alawar laddu, ta hau gadar tasha, ta je ta taɓa ƙafar Hajiya Nasiban. Tsohuwar tana zaune a kan gadon igiya da carbi a hannu, gashinta ja da lalle, ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Ke ce 'yar Gulbadan mai wandon?"

"Ni ce, Gwaggo."

"An ce za ki zama gwamnati."

"Ƙuri'a kawai zan roƙa, Gwaggo. Izinin wucewa nake nema."

Hajiya ta buɗe kwalin, ta ɗauki laddu ɗaya ta shinshina ta mayar. Ta ce, "Ba ganga, ba tafi, ba karɓar ko rupi ɗaya. Ki shiga gidan mutane kamar mai karanta mitar wuta, ki fita kamar shi. In kin saɓa, ba ke zan nema ba, uwarki zan nema."

Da Guru ta ji labari ta yi faɗa har muryarta ta dishe, amma tunda Hajiya da bakinta ta yarda, ta sa ido.

Kajri ta cika sharaɗin nan fiye da yadda aka gindaya shi. Kullum da safe ta ci 'yar shinkafar karin kumallo da muke kira poha a tsaye, ta ɗauki jakar takardunta, ta ƙetare gada ita kaɗai. Ƙofar farko aka ce mata ba a haihu a nan ba, aka rufe. Ta biyu aka turo mata rupi goma ta ƙarƙashin ƙofa, ta mayar ta inda ta fito. A wani gidan maigidan ya fito da singileti yana sosa ciki, ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce ƙasa ta lalace ƙwarai tunda har irinsu sun fara neman mulki, ya kira matarsa ta zo ta watsa ruwa inda Kajri ta tsaya. Wata tsohuwa ta haɗa hannu tana cewa za ta zaɓe ta, ta dai yi haƙuri kar ta yi wa jikanta baki. Wannan ya fi zagin yi mata ciwo.

Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A cikin ƙofa goma ko goma sha biyar akan sami ɗaya da za a ce ta shigo daga rana. Wata bazawara mai ɗinki ta nuna mata kwatar da ta toshe tun kafin mijinta ya mutu, ta ce Thakur ya yi mata alkawari sau uku, wannan karon ko akuya ce ta tsaya za ta zaɓa. Kajri ta yi godiya, ko da yake ta ji akuyar. Wani tsohon malamin makaranta ya sa tabarau ya karanta takardarta har ƙasa, ya gyara mata kuskure ɗaya, ya ce ƙuri'ar gidansa biyar ce.

Matsalar ita ce lungunan hayin ba su da lamba, ba su da suna, ƙofofin duk shuɗaye ne, in ka shiga sau biyu ba ka gane inda ka fito. A shekarar su uku ne irinsu matasa suka tsaya a faɗin jihar, sukan yi waya su ba juna shawara. Ɗaya daga cikinsu, mai karatun lauya a babban birni da ba ta taɓa kwana a gidan guru ba, ta ce ai abu mai sauƙi ne, duk gidan da ya yi alkawari ki sa masa 'yar alama, ana jibi zaɓe ki koma ki tuna musu. Kajri ta ga hankali a maganar. Alli kuwa ba sai ta saya ba, babu 'yar kinnar da ke fita ba shi a aljihu.

A nan ta yi abin da ba wanda zai yi sai 'yar gidan. Ni ko kai da za mu ja layi ne ko mu yi ɗan zagaye. Ita tun tana shekara goma sha biyar hannunta zane ɗaya ya sani a jikin ƙofa: jinjirin wata da ɗigo biyu a cikinsa, alamar gidan Gulbadan. Ita suke sawa a duk gidan da suka yi rawar haihuwa, ma'anarta wannan gidan namu ne, haihuwarsa da aurensa mu ke zuwa, har jikoki. Ni dai na yarda ba da niyya ta yi ba. Tana tsaye tana godiya, kanta yana lissafin lungu na gaba, hannun ya yi aikinsa. Kwana bakwai tana yi, ko sau ɗaya ba ta tsaya ta dubi abin da take zanawa ba.

A rana ta takwas da azahar Bijli ta dawo daga kasuwa leɓenta a fashe, sarinta a yage. Bijli ce mai gangar gidan, ta girme wa Kajri da shekara goma, kuma tun fil'azal jininsu bai haɗu ba. Ta jefar da kwandon kayan miya a ƙafar Kajri, tumatir ya tarwatse a tsakar gida.

"Nawa kika zana?"

"Me na zana, Yaya?"

"Kar ki mai da ni 'yar iska. Su huɗu suka tare ni a gindin gada, suna cewa mun kafa wata a ƙofofinsu. Na rantse musu ƙarya ne, suka ja ni har lungun masu ɗinki suka cusa min hanci a jikin ƙofa. Nawa?"

Sai a lokacin Kajri ta ga abin a idonta, watan nan da ɗigonsa biyu, ƙofa bayan ƙofa. Ta ce a hankali, "Sittin da ɗaya."

Mai tsintar shinkafa ta ajiye tire. Bijli ta yi wata dariya mara daɗi, ta ce, "Mai digiri ke nan. Mu da ba mu yi boko ba mun san gabas da yamma."

Guru Gulbadan tana zaune a bakin ɗakinta, ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsorata kowa ke nan. Ta ce, "Lokacin da aka fasa min kai, a kan ƙofa ɗaya ne." Ta miƙe ta shige ciki ta ja labule. Kafin la'asar saƙo ya iso cewa manya za su zauna gobe da safe a gidan Hajiya Nasiban. Goben nan kuwa ita ce ranar ƙarshe ta janye takara, ƙarfe uku na rana ake rufewa.

Da safe suka hau gada su biyu, Guru a gaba tana haki, karonta na farko cikin shekara talatin da ɗaya. A ƙofar gidan Hajiya wata farar mota ce a tsaye, wadda ko makaho a Sohanganj ya san ta Thakur ce. Ita ta ɗauko tsofaffin daga garuruwansu tun asuba. Gajju Chaubey yana zaune a kan bonet yana ɓare gyaɗa.

Ya ce, "Barka da zuwa, ranki ya daɗe, 'yar majalisa. An ce kin fara rabon gidaje tun ba a rantsar da ke ba."

Guru ta matse hannun Kajri har ƙashi, suka wuce.

Manyan su bakwai ne a kan darduma, 'yan gidan Hajiya kuma sun cika bango. Ba a ce Kajri ta zauna ba. Hajiya Nasiban ta fara, muryarta a kwance. Ta ce yarinya ta zo da laddu, ta kira ta gwaggo, ta ba ta hanya saboda Allah. Ashe leƙen asiri aka turo. Sittin da ɗaya, kuma ba gidajen banza ba, akwai masu ciki bakwai a ciki, akwai biki uku kafin damina. Jiya mai shagon gwal ya ce wa 'ya'yanta kar su zo sunan jikansa, wai yanzu gidan na Gulbadan ne, ga alama nan.

Kajri ta ce, "Gwaggo, kuskure ne. Alamar masu ƙuri'a nake sawa, hannuna ne ya tafi. Ban karɓi ko sisi ba, a tambaya. Yau ɗin nan zan ɗauki bokiti da tsumma in wanke su ɗaya bayan ɗaya, in gaya wa kowane gida na Gwaggo ne."

"Hannunki ya tafi sau sittin da ɗaya?"

"Wallahi haka ne."

Wata daga bango ta ce, "To a yanke hannun mana, tunda ba ya jin magana." Aka yi dariya.

Guru Gulbadan ta yi abin da ba a taɓa gani ba. Ta rarrafa ta kama ƙafar Hajiya, ta ce yarinya ce, karatu ya cika mata kai har ya kori hankali, a bar ta ta wanke, ita da kanta za ta bi ta da tsintsiya, kuma bikin mai gidan man fetur da ke ɓangarensu a watan gobe ta bar wa Hajiya. Tsofaffin suka fara duban juna. Wadda ta fi su shekaru ta gyaɗa kai, ta ce ai wanda ya durƙusa ba a taka shi. Da Kajri ta yi shiru na minti biyar, da an tashi lafiya.

Amma wata tsohuwa ta ƙara da cewa, dama wannan takarar ce tushen fitina, su masu ba da albarka ne, ba masu roƙon ƙuri'a ba, a haɗa da janyewa kowa ya huta. Kajri ta ga uwar ɗakinta a ƙasa, goshinta a kan ƙafar wata, ta ga ɓawon gyaɗar Gajju da iska ta turo har bakin zaure. Zuciya ta ɗebe ta.

Ta ce, "Iyayena, ina da tambaya. Motar wa ta kawo ku?"

Ba ta jira amsarsu ba, ta ɗora.

"Resham ta mutu a baranda, ba mota. Yau an ce in janye, ga mota har da mai sanyi. Alli kuka zo yi wa shari'a ko saƙo aka ba ku?"

Gaskiya ta faɗa, kuma ba abin da tsofaffi suka ƙi jini kamar gaskiya daga bakin yaro a gaban jama'a. Tafi ya ɓarke ta ko'ina, irin tafinsu mai ƙara da ake yi da tafin hannu a buɗe, ana zagi ana nuna ta da yatsa. Wata ta ce ba ta da gashi ba ta da kunya. Wata ta ce ko kinnar ɗin ma ba ta cika ba, ba ta can ba ta nan. Da aka lafa, babbar tsohuwar ta yanke hukunci ba tare da ta dubi Kajri ba. Kafin ƙarfe uku ta janye, ta tara gashi, ta koma bayan ganga. In ta ƙi, an yanke ta: ba mai ba ta ruwa, ba mai amsa gaisuwarta, ba gidan kinnar daga nan har bakin teku da zai buɗe mata ƙofa. In kuma Gulbadan ta ci gaba da riƙe ta, dogo ya tashi daga iyaka, garin duka na Nasiban ne.

Mutum goma sha huɗu ke ci a tukunyar Gulbadan, uku daga cikinsu ba sa iya tashi.

Guru da Kajri suka ɗauki a-daidaita-sahu zuwa ofishin jami'in zaɓe. Ƙarfe ɗaya da rabi suka isa. Guru ta karɓo takardar janyewa da hannunta daga wajen magatakarda, ta ari biro, ta ɗora su a cinyar Kajri. Suka zauna a bencin baranda, ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa. 'Yan takara biyu suka shiga suka janye suka fito suna murmushi. Gajju ya iso ya jingina da ginshiƙi da mutanensa uku, yana duba agogo.

Guru ta ce, "Sa hannu mu tafi. Ban ci komai ba tun safe."

"Guru, bari in ɗan huta."

Ƙarfe biyu ta wuce. Guru ta gyara zama, ta yi maganar ƙasa-ƙasa don kar Gajju ya ji. "Na tsince ki a tashar nan da hannu a karye, ubanki ya karya shi. Wata biyu ina ba ki abinci a baki. Da kika ce makaranta, gidan nan kowa ya ce kar in yarda, na yarda. Da kika yanke gashi na yi kuka a ɗaki na fito na ce ya yi miki kyau. Ban taɓa roƙonki komai ba."

"Na sani, Guru."

"Ƙuri'a nawa za ki samu?"

"Ban sani ba."

"Ni na sani. Ba za ki ci ba."

"Na san ba zan ci ba."

"To don me, 'yar nan? Don me?"

Kajri ta daɗe tana kallon biron. Tana son matar nan fiye da kowa a duniya, kuma tana jin tsoro irin wanda ba ta ji ba tun daren da ta bar gidan ubanta. Ta ce, "Sunana zai hau na'urar zaɓe, layi ɗaya da na Thakur. Duk wanda ya shiga sai ya karanta shi, ko yana so ko ba ya so. Kuma gida sittin da ɗaya sun ce min za su zo."

"Rabinsu tsoron bakinki suke ji."

"To saura rabi."

Guru ta ce, "Su rabin za su wanke gawarki?"

Kajri ba ta ɗauki biron ba. Saura minti goma Gajju ya matso, ya bar wasa. Ya ce Thakur mutum ne mai tausayi, in gado huɗu ne za a duba bayan zaɓe, ta daina wahalar da tsohuwa. Kajri ta ce masa ya ɗan taka musu rawa tukuna, sai ta duba. Ɗaya daga cikin mutanensa ya yi dariya kafin ya tuna wa yake yi wa aiki. Gajju ya tofa jan yawun paan kusa da takalminta, ya ce za ta gane kurenta, mazaɓar nan ba ta da faɗi.

Saura minti biyu Guru ta ɗauki biron ta cusa mata a hannu ta damƙe yatsunta a kai. Kajri ta bar ta ta riƙe, amma ba ta kai shi kan takarda ba. Masinja ya fito ya dubi agogon bango, ya dubi barandar, ya ce akwai mai janyewa? Kajri ba ta tashi daga bencin ba. Ya ja ƙofar ya sa sakata.

Guru Gulbadan ta saki hannun. Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango. Akwai wani jan mayafi a kafaɗar Kajri, wanda Guru ta yafa mata a ka ranar da ta karɓe ta a matsayin 'ya a gaban manya, shi kaɗai ne kayan gidan da take sawa a kan rigarta. Guru ta zare shi a hankali, ta ninke shi huɗu, ta sa a hammata. Sannan ta juya ga mutanen baranda, 'yan sanda da masu jiran takardun fili da su Gajju, ta yi tafi uku masu ƙara.

Ta ce, "Ku shaida. Ba ni da 'ya mai suna Kajri."

Hawaye na bin kumatunta tana faɗa, amma muryarta ba ta karye ba. Ta sauka matakala ɗaya-ɗaya, ta tsai da abin hawa, ba ta waiwayo ba. Kajri ta miƙe don ta riƙe mata hannu ta hau, kamar kullum, ta yi taku biyu ta tsaya.

Tana nan tsaye har aka sake buɗe ƙofa, magatakarda ya leƙo ya kira 'yan takarar da suka rage su shigo. Su tara ne. Aka karanta sunaye, aka raba wa masu zaman kansu alamomi, ita aka ba ta bokiti. Wakilin Thakur ya ja kujerarsa nesa da tata har ta yi ƙara. Da aka zo kanta magatakardan ya jawo fayil bai ɗago kai ba, ya lashi yatsa ya buɗe shafi.

Ya ce, "Kajri, jinsi na uku, mai zaman kanta. Za a riƙa aiko miki da takardu, na taro da na wakilan rumfa. Adireshin da ke nan, gidan Gulbadan, Layin Masu Rini, can za a kai?"

Magatakardan ya ɗago kai ya dube ta.

"Ke nake tambaya, akwai mutane a bayanki. Can za a kai ko kin canza?"

"Kar a kai can."

"To ina?" Ya ɗora biro a kan layin yana jira.

Kajri ta bi garin a ranta, ɓangaren nan da ƙetaren dogo, lungu-lungu, duk ƙofofin da ta sani. Magatakardan ya buga biro a tebur sau biyu.

Ta ce, "Bar wurin haka, ranka ya daɗe. Zan riƙa zuwa ina karɓa da kaina."